Hannun Gida da Hannun Makaranta

Karu, 11 ga Maris, 2003

Hasana,

Tun ranar da aka miƙo mini takardar sallama a ofishin ilimin nan, zamanin soja, ban sake taka ƙofarsa ba, kuma ban yi niyyar takawa ba. Ko mota ce ta biyo da ni ta gabansa, ɗaya tagar nake kallo. Yanzu ga shi kin rubuto kina cewa in je in roƙe su. Na fara da wannan kafin gaisuwa ne don ki san nauyin abin da kika ɗora mini.

Bayan haka ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yayarki Safara'u da 'yarta Khairat. Ni dai alhamdu lillahi, sai gwiwa da take tuna mini shekaruna kowace safiya. Wasiƙarki ta iso ta hannun Sadisu direba. Ya ajiye ta a shagon Alhaji Wakili a Utako, inda nake wuni ina taya shi auna yadi. Nan za ki riƙa aikowa, don gidan da nake haya ba shi da lamba, kuma ban sayi wayar hannun da ta haukata mutanen garin nan ba. Ko na saya, an ce ku babu sabis a wajenku.

Ke yarinya ce lokacin, ba ki san labarin ba sai gutsattsarinsa. Gwamnati ce ta tura ni na karanto yadda ake koyar da kurame da makafi. Da na dawo aka kawo ni Abuja tun tana daji, aka ba ni tebur a sashen ilimi na musamman. Can na ga abin da ake yi. Yaro kurma zai zo daga gida da maganar hannunsa, wadda yake yi da uwarsa da abokansa, sai a ce wannan ba magana ba ce, ya ajiye ta a bakin ƙofa. A ɗora masa wata da aka kawo daga Amurka, wadda take tafiya da Turanci. Na rubuta musu cewa a fara da abin da yaro ya zo da shi, a gina sabuwar a kansa. Daraktan lokacin ya karanta takardata a gaban taro, ya miƙe yana kwaikwayon bebayen tasha da hannu, aka yi ta dariya. Bayan nan aka mayar da ni sito ina gadin alli da tsintsiya. Daga baya aka ce an rage ma'aikata.

Shi ya sa nake cewa ku yi tunani. Makarantar kurame za ta koya wa Khairat karatu, ban musa ba. Amma za ta karɓi hannun da ta zo da shi ta ba ta wani. Safara'u kurma ce kamar 'yarta, mijinta ya rasu, ba ta da mai hira da ita a duniya in ba ke da yarinyar nan ba. Ku auna wannan kafin ku raba su.

Ba don darajar mahaifinku Maliki ba, ɗan baffana da muka tashi ɗaki ɗaya, da ko amsa ba zan ba ki ba.

Baffanki,
Yahuza


Bakori, 2 ga Afrilu, 2003

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Muna nan lafiya lau, sai zafi da ya hana kowa sakat. Allah ya ba ka sauƙin gwiwa. Na ba Sadisu kuka da daddawa da ɗan man shanu. Man na shafawa ne, Baffa, kada in ji labarin ya ƙare a kan tuwo.

Da na fara karanta wasiƙarka na ji tsoro. Da na sake karantawa sai na yi dariya, don na tuna Baba yana cewa in ka fara faɗa, to ka kusa yarda.

Bari in gaya maka yadda Khairat take. Shekararta shida. Kullum takan biyo ni firamaren da nake koyarwa, ta zauna a gindin taga tana kwafar abin da na rubuta a allo a kan ƙasa da tsinke. Hedimasta ya ce ba shi da yadda zai yi da ita, kuma gaskiyarsa ne, ni ma ban san yadda zan yi da ita ba. Makon jiya ta sami guntun alli ta cika bangon zaure da baƙaƙe, tsaf kamar na ɗan aji uku, ba ta san ma'anar ko ɗaya ba. Yara suna tsokanarta, ita kuma ta fara cizo.

Maganar Yaya kuwa, ka san Khairat 'yar fari ce. A gaban mutane Yaya ba ta ko kallonta, ba ta nuna sunanta da hannu, in ta faɗi ma sai wani ya ɗaga ta. Amma in suka shige ɗaki su biyu, hannuwansu ba sa hutawa, har dariyarsu kake jiyowa daga tsakar gida. Na tambaye ta batun makaranta muna mu kaɗai a madafa. Ta daɗe tana tuƙi ba ta kalle ni ba. Can ta ajiye muciya ta nuna mini cewa ita ta girma ba ta san abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani ba, ba ta so 'yarta ta girma haka.

Abin da kake tsoro na gane shi. Amma ai za ta riƙa zuwa hutu, ba mantawa za ta yi ba. Ka taimaka ka je, Baffa. Ba don kanka za ka je ba.

'Yarka,
Hasana


Karu, 20 ga Yuni, 2003

Hasana,

Ina gaishe ku duka. Saƙo ya iso, man kuma ya tafi inda ya tafi.

Na je. Kada ki yi murna da yawa, gajiya na yi da gardama da kaina.

Sun tashi daga inda na san su. Yanzu wani dogon gini ne mai gilasai, irin waɗanda suke tsirowa a garin nan kamar ciyawar damina tun da farar hula suka hau. Motoci a harabar sun fi yaran da ake yi wa aikin yawa. Mai gadi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Baba, wane oga kake nema?” Na ce masa ba oga nake nema ba, aiki nake nema a yi, ya ce to bai san ofishin ba. Na yi ta hawa da sauka kafin na samu sashen a can ƙuryar baya, kusa da banɗaki. Ɗaki ne ƙarami, ga sandunan makafi a jingine, ga kwalaye har rufi, ga wani keken rubutun makafi da na rantse tun zamanina yake.

Wata mata ta ɗago kai daga cikin fayil ta tsaya tana kallona. Rosemary ce. Tana yarinya take buga mana keken rubutu, ita ce ma ta buga mini takardar da aka yi wa dariya. Ashe ta koma karatu, yanzu ita ke kula da sha'anin ɗalibai. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

“Oga Yahuza,” in ji ta, “ka tsufa.”

Na ce, “Ke kuma kin yi ƙiba. Alamar gwamnati tana biya.”

“Ina fa. Doya ne da rashin barci. Zauna, kujera nan yana da ƙafa uku da rabi, ka bi shi a hankali.”

Na so in yi abin da ya kawo ni in tafi, amma ta riƙe ni da labari. Mota suke ara su shiga ƙauyukan bayan Bwari suna gwada kunnen yara da idonsu. Ta ce a makon nan ta samo yaro makaho da ya kai shekara goma bai taɓa fita ƙofar gidansu ba. Ita ke faɗa da mai kwangilar abinci in wake ya zo da ƙwari, ita ke raka yaro asibiti in iyaye sun yi nisa. Muna zaune wani uba ya shigo yana hayaniya an ce a kai 'yarsa gurguwa ajin da ke saman bene alhali babu mai ɗaukar ta. Ta saurare shi har ya gama, ta ɗauki jaka ta ce gobe da safe su haɗu a makarantar, ajin ne zai sauko ƙasa.

Na tambaye ta batun hannu.

“Har yanzu na Amurka ne, Oga. Littafi da shi ya zo, malamai da shi suka koya, jarrabawa ma da shi. Amma ba mai dukan yaro don ya yi na gida. Wannan ni na hana.”

An ba Khairat gurbi a makarantar kwana, a watan Satumba. Ni zan tsaya a matsayin mariƙinta, tunda ni ne mazaunin nan. Ku aiko ta da wuri don a gwada kunnenta. Ki haɗo mata bokiti da bargo.

Ban ce sun gyaru ba. Na ce akwai mace ɗaya a cikinsu da take aiki.

Baffanki,
Yahuza


Karu, 14 ga Yuni, 2004

Hasana,

Gaisuwa gare ku. Ina lafiya, Khairat ma lafiya, ta yi tsawo har ta kusa kafaɗata in ina zaune. Na ji an ce kina da juna biyu, Allah ya sauke ki lafiya.

Na san na yi shiru, sai saƙon baki da nake ba Sadisu. Ban so in rubuta ba sai na ga kamun ludayin abin. Da farko kuka ta yi ta yi, ta ƙi cin abinci, Rosemary ta riƙa zuwa da kanta tana zama da ita a ɗakin cin abinci. Yanzu in na je ranar ziyara sai na jira ta gama hira da ƙawayenta. Ƙananan hutu biyun nan a wajena ta yi su kamar yadda muka shirya, tunda hanya da nisa.

Ta iya rubuta sunanta da nawa. Da takarda muke magana, da Turanci, ita ta rubuta ni in rubuta. Na taɓa kuskuren harafi ta ja layi a ƙarƙashinsa ta dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibai a da.

Akwai abin da na gani da ba zan ɓoye miki ba, ko da yake ba ya goyon bayana. Na kai ta Utako, sai ga wani mai gyaran takalmi, Bayarabe, kurma, wanda ya yi makaranta a can kudu. Suka haɗa ido, hannu ya tashi. Sun fi ƙarfin a kira su, hira suke. Yarinyar Bakori da mutumin Ibadan, babu tafinta. Alhaji Wakili ya bar ciniki yana kallo. A zamanina ban ba wannan nauyin da ya kamata ba.

Na kuma lura in hannun gida ya kuɓuce mata takan yi sauri ta ɓoye yatsunta a hammata. Ba malamai ne suke hana ta ba. 'Yan ajinsu ne suke kiransa hannun ƙauye.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ofishin ya shirya lesin a dogon hutun nan don yaran da suka fara a makare da kuma waɗanda aka ga za su yi nisa. Malamarta tana so a tsallakar da ita aji ɗaya in ta zauna. Dokarsu ita ce ba a riƙe yaro sai da yardar iyaye. Rosemary ta ce in uwa ta nemi 'yarta, a ranar za a sake ta. Ki tambayi Safara'u ki aiko mini da amsa kafin a rufe makaranta.

Baffanki,
Yahuza


Bakori, 5 ga Yuli, 2004

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya zauna, an gama noman farko. Ni dai jiki ya yi nauyi, ƙafafuna sun kumbura, ko makaranta da ƙyar nake zuwa. Ka yi haƙuri da gajeren rubutu, Sadisu yana ƙofar gida yana danna oda.

Mun yi murna ƙwarai da labarin Khairat. Na nuna wa Yaya maganar mai gyaran takalmi, ta sa na maimaita mata.

Na tambaye ta kamar yadda ka ce. Ranar ana suna a gidan, mata sun cika ko'ina, ban samu mun keɓe ba. Ta kau da kai, ta nuna cewa ku ne iyayenta, ita ba ruwanta. Ka dai san 'yar fari ce, Baffa.

Yaya ta yi wa ɗakinta sabon daɓe, ta sayi tabarma. Kazarta ta yi ƙyanƙyasa, ta ware guda ta hana kowa taɓawa.

A gaida mana Khairat da Madam Rosemary.

'Yarka,
Hasana


Zariya, 9 ga Janairu, 2006

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan za ta same ka da rai da lafiya, don ban san ko ɗaya ba. Na aika ta ofishin Madam Rosemary ne ta gidan waya, na roƙe ta ta neme ka. Ni ina Zariya, an ba ni gurbin ƙaro karatu, ina nan da goyona. Yaya tana gida, jiki da sauƙi, amma ta rame.

Baffa, na rubuto maka bayan na haihu, na sake rubutowa da azumi, na sake da bazara. Sadisu ya ce ya je ya tarar babu shagon, babu layin gaba ɗaya. Daga baya shi ma ya koma hanyar Legas. Na so in zo da kaina, jego da aiki suka riƙe ni, kuma ban san inda zan dosa ba.

Ba zan ɗaga maka murya ba, kai uba ne. Amma dogon hutu biyu sun wuce Khairat ba ta zo ba. Tun da ta tafi uwarta ba ta sa ta a ido ba.

Me kake so Yaya ta ce a gaban surukanta da matan unguwa? Ta ɗaga hannu ta ce a kawo mini 'yata ta fari, ina kewarta? Wace mace ce a garinmu za ta yi haka? Na rubuta maka daɓe da tabarma da kaza don ka gane. Na ɗauka ko ban faɗa ba ka sani. Laifina ne da ban fito fili ba, amma da Bahaushe nake magana, ba da Madam Rosemary ba.

Duk ranar da motar Abuja take zuwa, Yaya takan sami dalilin zuwa rijiyar bakin titi. Ba ta taɓa tambayata ba. Yanzu ni ma na bar gidan. Tana wuni ba ta ɗaga hannu ta yi wa kowa magana ba, sai dai a nuna mata tsintsiya ko tulu.

Kai ne ka fara faɗa mana wannan zai faru. Don Allah ka kai ta gida.

'Yarka,
Hasana


Bwari, 12 ga Fabrairu, 2006

Hasana,

Ina da rai. Lafiya kuma gwargwado. Allah ya raya abin da kika samu, ya ba da sa'ar karatu.

Rusau ne ya bi ta kanmu. Katafila ta share layin su Alhaji Wakili da safe ɗaya, ya kwashe abin da ya tsira ya koma Kano. Ba a jima ba aka shafa wa gidan da nake haya jan fenti. An ce ana gyaran birni. Na tattara na dawo Bwari, bayan kasuwa, ina koya wa 'ya'yan wani mai kanti karatu yana ba ni ɗaki. Na nemi Sadisu a tasha aka ce ya canza hanya. Da na ji shiru daga wajenku sai na ce kun gamsu.

A kan amsar Safara'u, abin da kika rubuta shi na karanta. Kin ce ta ce mu ne iyayenta. Na kai wa ofis haka, suka rubuta. Da hutun bara ya zo aka sake tambayata, na ce maganar uwar tana nan yadda take. Yarinyar tana ta ɗaya a ajinsu, an tsallakar da ita, har an sa ta a wasan da aka yi wa manyan baƙi. Na zauna a layin gaba. Wasu daga cikin waɗanda suka yi mini dariya a da suna wurin, aka ce musu jikata ce.

Rosemary ta zo da wasiƙarki har Bwari. Ta yi ta tambaya a kasuwa, wai tsoho mai gilashi mai yawan faɗa, nan da nan aka nuno mata ni. Ta sa na karanta mata, na fassara inda ba ta gane ba. Da na kai maganar 'yar fari ta tsayar da ni ta ce in yi mata bayani. Na yi.

Ta ce, “Wato uwa ba zai iya buɗe baki ya ce a kawo ba.”

Na ce haka al'adar take.

“Kuma ni na kafa doka sai uwa ya nema.” Ta ajiye kofin shayinta. “Oga, ni 'yar Benuwai ne, ban san wannan ba. Kai fa?”

Na ce mata shayinta yana hucewa.

Ta ce akwai yaran Hausawa da yawa a hannunta da ba a taɓa nema ba, ta ɗauka iyayen ne ba su damu ba. Ta ce daga bana kowane yaro sai ya je gida a dogon hutu, an nema ko ba a nema ba, lesin ya jira. Na ji labarin ta kai maganar sama har an yi mata tsawa, ba ta janye ba.

Hutun Ista ya kusa. Da kaina zan kai ta.

Baffanki,
Yahuza


Bwari, 28 ga Afrilu, 2006

Hasana,

Ina gaishe ki da ɗanki. Na san koyarwar gwaji ce ta hana ki zuwa, ban ga laifinki ba. Mun je mun dawo lafiya, Khairat ta koma makaranta. Mutanen gida suna gaishe ki. Zan gaya miki yadda aka yi, tunda ba wanda zai gaya miki daidai.

Mun isa da la'asar. Tsakar gida cike da mata. Safara'u tana tankaɗe, ta ɗago ta gan mu, ta ci gaba da tankaɗenta, sai dai garin a ƙasa yake zuba ba a ƙwarya ba. Khairat ta durƙusa ta gaida kowa da hannun makaranta. Aka kawo mata takarda ta rubuta sunayen mutane, ana ta mamaki, wata tsohuwa ta ce saura ta zama likita. Da aka watse, uwar ta tashi ta shiga ɗaki, yarinyar ta bi ta.

Ina zaure ina alwala aka aiko wai Safara'u tana kirana. Kin san ba ta taɓa yi ba. Na je na zauna a bakin ƙofa.

Tana yi wa yarinyar magana, da sauri, hannu da fuska da kafaɗa duka, kamar wadda aka buɗe wa madatsa. Khairat tana bin hannuwan da ido. Ta gane ci, ta gane ruwa, ta gane barci. Sauran sai ta gyaɗa kai inda bai kamata ba. Da ta tashi ba da amsa ta fara jera baƙaƙen Turanci da yatsu. Safara'u ta kama hannun ta juya shi tana dubawa, ta ɗauka wani ciwo ne ya same shi. Sannan ta dube ni.

Ni aka tura ƙasar waje karatun kurame, Hasana. Abin da na sani na hannun gida na tasha ne da kasuwa, shi ma na daɗe da barinsa. Na Safara'u nata ne, ku uku kuka gina shi a cikin gidan nan. Khairat ta ciro takarda ta rubuta mini tana tambaya me ake cewa. Na rubuta mata cewa uwarta tana murna da zuwanta. Ta dubi takardar ta dube ni. Ta san maganar ta fi haka tsawo.

Sauran kwanakin, uwar ta yi mata kitso, ta yi mata lalle, ta dafa mata duk abin da take so tana ƙarama. Suna zama tare a inuwa. Wani lokaci ɗaya ta fara, ɗayar ta yi ƙoƙari, sai su bari. Khairat ta so ta koya mata baƙaƙen yatsu, Safara'u ta yi guda biyu ta yi dariya ta ɓoye hannu a zane. Ban ga sun yi fushi da juna ba. Ladabi suke yi wa juna kamar baƙi.

Da na dawo na biya ta ofis na gaya wa Rosemary, don ta ce in gaya mata. Sai da ta gama jera wasu fayiloli da ba sa buƙatar jerawa. Sannan ta tambaye ni ko takardar nan tawa ta da tana nan. Na ce gara ta cinye ta tun a Karu. Ta ce in sake rubutawa, ita za ta buga kamar wancan karon, wannan karon kuma ita za ta karanta a gaban taro. Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba. Ko an karɓa, yaran da za su zo nan gaba ne za su amfana.

Za ta riƙa zuwa duk dogon hutu yanzu. In kina gida kya tsaya a tsakaninsu, ita ta rubuta miki, ke ki nuna wa yayarki. Wataƙila wani abu ya dawo. Ba zan yi miki alkawarin da ban da iko da shi ba.

Ranar da za mu taho, Safara'u ta biyo mu har bakin titi, mutane suna kallo, ba ta damu ba. Da muka shiga mota ta tsaya a jikin taga ta yi wa yarinyar magana mai tsawo, tana maimaita wani wuri, har direba ya ja. Mun wuce Funtuwa Khairat ta miƙo mini takarda tana tambaya me uwarta ta ce. Ban sani ba. Ita ma ba ta sani ba. Ta manta maganar uwarta.

Yahuza